Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Majalisar Asokore Mampong kan turakun sadarwa da ke tsakiyar gidajenmu

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Majalisar Asokore Mampong, da 'yan majalisa masu wakiltar Aboabo, Asawase, Sawaba, Akwatia Line, Adukrom da Sepe, da iyayenmu sarakunan zango da limamanmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri.

Ranka ya daɗe, mu da muka sa hannu a wannan takarda 'ya'yan zangon Kumasi ne masu cin abinci da ƙarfen sabis. A cikinmu akwai masu hawa su ɗaura eriya, akwai masu aikin wuta, akwai magina masu zuba harsashi, da makanikan janareta, da injiniyoyi 'yan kaɗan. Mun zaɓi mu rubuta da Hausa domin a karanta a ƙofar masallaci da teburin mai shayi, kada maganar ta tsaya a ofis. Abin da ya dame mu shi ne, hankalin jama'a da na hukuma duka yana tattaruwa a ranar da za a kafa turke: a yi taro, a yi gardama, a sa hannu, a biya kuɗi, kowa ya watse. Alhali turke sabo ba ya cika cutar da kowa. Wanda ke cutarwa shi ne mai shekara takwas ko goma sha biyu, wanda aka yi ta ƙara masa kaya, noti ya kwance, tsatsa ta ci gindinsa, kuma ba wanda ya san ofishin da zai kai ƙara.

Doka dai akwai ta. A farkon 2010 ma'aikatar muhalli ta dakatar da kafa sabbin turaku a duk faɗin Gana saboda koke-koken jama'a, kuma a shekarar ne aka fitar da ƙa'idojin kafa hasumiyoyin sadarwa ƙarƙashin hukumar sadarwa ta ƙasa, NCA. Tun daga nan mai son kafa turke sai ya bi ta hannun hukumomi huɗu: EPA ta duba muhalli da tuntuɓar maƙwabta, hukumar jiragen sama GCAA ta duba tsawo, cibiyar kare jama'a daga radiyeshan da ke ƙarƙashin hukumar makamashin nukiliya a Kwabenya ta duba ƙarfin abin da eriya ke fitarwa, sannan majalisar yanki ta ba da izinin gini. Ƙa'idojin sun kuma ce idan akwai turke a tsaye cikin tazarar mita 400, a fara neman hawa kansa kafin a yi maganar kafa sabo. Dokar ƙananan hukumomi mai lamba 936 da dokar tsara filaye mai lamba 925, duka na 2016, sun ba ku ikon izinin gini da ikon yin dokokin cikin gida. Cikin hukumomin nan huɗu ku kaɗai ne kuke kwana tare da mu a unguwa. Shi ya sa muka fuskanto ku.

Akwai wani abu da yawancin mutanenmu ba su sani ba, kuma yana ɓata musu lokaci. Kamfanin wayar da layinsa ke cikin aljihunka sau da yawa ba shi ne mai turken ba. Tun wajen 2010 manyan kamfanonin waya suka miƙa turakunsu ga kamfanonin da sana'arsu ke nan, irin su ATC da Helios, su kuma suka koma 'yan haya a kai. Turke ɗaya yana iya ɗauke da kayan kamfanoni biyu ko uku, mai gadi na wani kamfani ne, mai kawo dizal na wani. Tsohuwar da ƙarar janareta ta hana barci za ta je shagon sayar da layi ta yi faɗa da yarinyar da ba ta taɓa ganin wurin ba. Maganin wannan mai arha ne: majalisa ta wajabta allo na ƙarfe a ƙofar kowane shinge, ɗauke da sunan mai turken, lambar wurin, lambar izinin majalisa, tsawon turken, ranar da aka yi masa duban ƙarshe, da lambar waya da ake ɗagawa ko da ƙarfe biyu na dare. A rubuta da manyan baƙaƙe da yaron firamare zai iya kwafewa.

Bari mu taɓo maganar da ta fi tayar da hankali a tarurrukan unguwa, wato radiyeshan. Mun sha jin an ce ƙarfen sabis na kawo kansa, yana hana haihuwa, yana ɓarar da ciki. Ba mu raina tsoron kowa ba, amma abin yana da ma'auni. Ƙa'idar duniya da ake aiki da ita, ta hukumar ICNIRP, ta ce iyakar abin da ya halatta ya sami mutum a bainar jama'a shi ne wat 4.5 a kowace murabba'in mita a zangon megahaz 900, wat 9 a zangon 1800, wat 10 daga 2000 zuwa sama. To ga lissafin eriya ɗaya: a ce na'urarta na fitar da wat 40, ita kuma eriyar tana tattara ƙarfin nan sau sittin zuwa gabanta, kamar yadda tocila ke tattara haske. Wanda ya tsaya daidai saitinta a nisan mita 5 zai sami kusan wat 7.6, ya haura iyakar zangon 900 ke nan. A nisan mita 50 abin ya faɗo zuwa wat 0.08, bai kai kashi ɗaya cikin hamsin na iyakar ba. Duk lokacin da nisa ya ninka, ƙarfin yana komawa rubu'i. Kuma hasken nan siriri ne daga sama zuwa ƙasa, bai cika wuce digiri biyar zuwa goma ba, yana wucewa ta saman rufin gidajen kusa ya sauka can nesa. Gidan da ke gindin turken yana cikin inuwa, kamar gindin fitila. Hukumar lafiya ta duniya ta faɗa tun 2006 cewa babu gamsasshiyar hujja da ke nuna raunanan igiyoyin da ke isowa ga jama'a daga turaku suna cutar da lafiya. Sanarwar 2011 da wasu ke kafa hujja da ita, wadda ta sa igiyoyin rediyo cikin rukunin abubuwan da ake zargi ba tare da tabbaci ba, ta ginu ne galibi kan wayar da ake karawa a kunne. Abin da zai ba ku mamaki, korar turke daga unguwa yana ƙara wa mai waya abin da yake gudu, domin wayar hannu tana ɗaga ƙarfinta ne idan sabis ya yi rauni, ta sauke idan turke na kusa.

Duk da haka akwai wuri ɗaya da tsoron yake da tushe, kuma yana hannunku kai tsaye. Ranar da aka auna, gidajen kewaye duk na ƙasa ne. Bayan shekara shida maƙwabci ya samu buɗi ya ɗora bene hawa uku, tagar ɗakin yaransa ta zo daidai saitin eriyar da ke kan rufin wani ginin, tazarar mita takwas. Takardar awon farko tana nan a fayil, amma ta daina faɗin gaskiya. Inda eriyoyi da yawa suka haɗu suna kallon waje ɗaya, yankin da ba a so mutum ya zauna a gabansu yana iya kaiwa mita goma zuwa ashirin. Ofishin da ke ba da izinin ɗora bene shi ne ofishin da ke riƙe da izinin turke. Muna roƙon duk izinin bene da zai tashi cikin mita talatin daga eriya, a sanar da mai turken, a sake awo, in ya kama a ɗaga eriyar ko a juya ta kafin mutane su tare. Sakamakon awon kuma a manna shi a allon majalisa, a ba mai unguwa kwafi. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2019 ta riga ta ba ɗan ƙasa damar nema, to me ya rage a ɓoye?

In aka tsaya a radiyeshan kawai, an bar jaki ana dukan taiki. Abin da ke kashe mutum a gindin turke ƙarfe ne da iska.

Kowa a Kumasi ya san iskar da ke zuwa gaban ruwan farko a watan Maris da Afrilu, wadda ke yaye kwanon rufi ta karya bishiya. Turin iska yana tafiya ne da ninkin gudunta a kanta. Iska mai gudun mita 20 a daƙiƙa tana tura kowace murabba'in mita da nauyin kilo 25. In gudun ya zama mita 40, wato kilomita 144 a awa, turin ya zama kilo 100. Eriya doguwa ɗaya, mai tsawon mita biyu da faɗin kamu ɗaya da ɗoriya, ta haura rabin murabba'in mita. Faranti mai faɗin mita 1.2 ya haura murabba'in mita guda. Ku tara eriya tara, da akwatunan rediyo da ake ɗaurawa bayansu, da faranti biyu ko uku, da damin wayoyi, duk a saman mita arba'in. Kilo ɗari a can sama yana murɗa gindi da ƙarfin tan huɗu a kan hannu mai tsawon mita ɗaya. Idan iska ta buga, ƙafa ɗaya tana dannuwa cikin ƙasa, ta ɗaya gefen tana neman tumɓukewa. Shi ya sa harsashin turke yake da girman da mai kallo zai ce ɓarnar siminti ce. Nauyinsa ne ke riƙe ƙafar da ke son tashi, kuma kowace mita ɗaya ta kankare, tsawo da faɗi da zurfi, tan 2.4 ce. Ɗan kwangilar da ya rage zurfi da rabin mita ya saci tan da yawa daga cikin abin da ke tsakanin turken da rufin mutane, kuma da zarar an rufe da ƙasa ba mai gani. Don haka injiniyan majalisa ya zo sau biyu: kafin zuba kankare ya ƙirga rodi ya auna rami ya duba dogayen ƙusoshin da za su riƙe ƙafafu, sannan a ɗebi samfurin kankaren a gabansa a kai gwaji bayan kwana 28. A filayen da ke kusa da rafin Aboabo da sauran kwarurruka, inda ruwa ke kusa kuma ƙasar cike take da tsohuwar shara da aka yi ciko da ita, kada a karɓi zane sai da rahoton gwajin ƙasa na wannan filin takamaimai. Kwafe rahoton wani fili a canza suna abu ne da ake yi, kuma ana gane shi idan an duba ranar haƙa da wurin.

Dokar haɗa kamfanoni a turke ɗaya doka ce mai kyau, ta rage mana dajin ƙarafa. Amma tana da wutsiya. Turken da aka zana don kayan kamfani ɗaya a zamanin 2G yau yana ɗauke da na uku, kuma kowane sabon zamani yana zuwa da nasa akwatuna. Ƙa'idar sana'a ita ce duk lokacin da za a ƙara kaya sai injiniya ya sake lissafin ƙarfin turken, in ya kusa cika a ƙara masa ƙarafa ko a ƙi. Muna so kwafin wannan lissafi, da hatimin injiniya mai rajista, ya riƙa shiga fayil ɗin majalisa kafin a hau da kaya.

Sai lalacewar yau da gobe, wadda ba ta da hayaniya. Ƙarfen turke ana tsoma shi ne cikin narkakken zinki, kaurin rufin a kan ƙarfe mai kauri wajen maikiron 85 ne, bai wuce kaurin gashin kai ba. Duk inda aka huda da dirila ko aka yi walda a wurin aiki, rufin ya tafi, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Turaku masu ƙafafun bututu suna da 'yan ramuka a ƙasa don ruwa ya fita. In ƙasa ko fenti ya toshe su, ruwa ya kwanta ciki, tsatsa ta ci daga ciki zuwa waje, fenti yana ƙyalli ƙarfe ya zama ɓawo. Noti kuma girgizar iska ce ke kwance shi a hankali. Ba a gane wannan da ido daga ƙasa, sai an hau da sifana mai auna ƙarfin ɗauri. Ƙa'idar Amurka ta TIA-222, wadda yawancin masu zanen turaku ke bi, ta ba da shawarar cikakken dubawa duk shekara uku ga turke mai igiyoyi, duk shekara biyar ga mai tsayuwa da ƙafafunsa, da kuma bayan kowace guguwa mai tsanani. A ganinmu, a unguwa irin Aboabo inda katangar turke take jingine da ɗakin kwana, shekara biyar ta yi yawa. A mayar da shi shekara biyu, kuma sabunta izinin shekara ya dogara ga kawo rahoton, da hotuna masu kwanan wata, da awon miƙewar turken. Karkacewar da ta wuce ɗaya cikin ɗari huɗu na tsawonsa, wato santimita goma a turke mai mita arba'in, alama ce ta a tsaya a bincika.

Manyan kamfanoni, a faɗi gaskiya, suna da injiniyoyi da inshora da sunan da suke tsoron ɓatawa. Turakun da suka fi ba mu tsoro su ne ƙananan da ba sa cikin lissafin kowa: na gidajen rediyon unguwa, na masu sayar da intanet, na ofisoshi da shagunan da suka tashi suka bar su, da dogayen bututun da ake ɗaura lasifika. Yawancinsu mai walda ne na bakin hanya ya haɗa da bututun ruwa, aka ɗora kan rufi aka ɗaure da waya. Turke mai igiyoyi yana buƙatar a ja shi ta fuska uku daidai wa daida, kuma maɗaurin kowace igiya ya yi nisa da gindi kamar kashi biyu cikin uku na tsawonsa. Mai mita talatin yana son fili mita ashirin ta kowace fuska. Wane gida ne a zango yake da wannan? Sai ka ga an ɗaure igiya a katakon rufi, ko a katangar maƙwabci, ko a bishiyar mangwaro. Kowane bakin igiya yana son maƙalai uku aƙalla, sirdin maƙalin yana kan igiyar da ke ɗauke da nauyi. In aka juya su, suna cin igiyar a daidai wurin da ake buƙatar ƙarfinta. Igiya ɗaya ta tsinke, turken gaba ɗaya ya kwanta, kuma yana kwanciya ne da tsawonsa, bisa gida uku ko huɗu da wayar wuta. Waɗannan su ya kamata a fara ƙirgawa. Wanda ba a san mai shi ba, ko aka daina amfani da shi wata shida, a ba mai ginin wa'adi, in ya wuce majalisa ta sauke ta bi shi kuɗin aiki.

Haka nan ɗora kaya kan rufin bene. Dakalin da aka zuba don ya tare ruwan sama ba a zana shi don ya ɗauki akwatin batura da janareta da turke ba. Rushewar ginin kantin Melcom a Achimota cikin Nuwamba 2012, inda mutum 14 suka rasu, ba turke ne ya jawo ta ba, amma ta koya wa ƙasar nan abin da ke faruwa idan gini ya ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa. Nauyin turken rufi dole ya sauka kan ginshiƙai, ba tsakiyar dakali ba, kuma sai injiniya ya gwada kankaren ginin tukuna.

Tsawa ma tana da nata. Turke shi ne abu mafi tsawo a unguwa, aradu za ta same shi, wannan ba laifi ba ne, an gina shi don ya ɗauka. Tambayar ita ce ina wutar za ta bi bayan ta sauka. In akwai zoben tagulla da aka binne kewaye da harsashi, da sanduna a kafe, an haɗa ƙafafu da shinge da akwatuna da janareta duka a kai, wutar tana nutsewa ƙasa. In babu, ko ɓarayi sun yanke tagullar, tana neman hanya ta wayar kamfanin lantarki ECG da bututun ruwa, ta shiga gidajen maƙwabta ta ƙone talabijin da firiji da mita. Ma'aunin duniya yana son juriyar ƙasar ga wucewar wuta ta kasance ƙasa da om 10, kamfanonin waya da yawa suna neman 5. A auna lokacin hunturu, tsakanin Disamba da Fabrairu, sa'ad da ƙasa ta bushe, domin awon damina yana yi wa kowa daɗin baki. A nan muna da roƙo ga 'yan'uwanmu masu sana'ar kondem, wato sayen tsoffin ƙarafa, da shugabanninsu: faffaɗar tagulla da ƙarfen kwana mai rufin zinki da lamba a bugu a jikinsa ba daga bola suke fitowa ba. Wanda ya saye su ya sayi ƙafar turken da ke tsaye kan gidan wani, wataƙila gidan ƙanwarsa.

Ƙarar janareta ita ce koken da ya fi kowane yawa, kuma ita ce ta fi sauƙin aunawa. Ma'aunin ƙasa na unguwannin zama shi ne desibel 55 da rana, 48 da dare daga ƙarfe goma zuwa shida na safe. Janareta mai akwatin rage ƙara, sabo, yana ba da kamar 65 a nisan mita bakwai. A fili ƙara tana raguwa da shida duk lokacin da nisa ya ninka: 59 a mita 14, 53 a mita 28, sai a wajen mita 56 take sauka 47. Ku auna wannan da gidajenmu, inda tagar mutum take mita huɗu daga shinge. Ma'ana, janareta a tsakiyar zango ba zai cika ma'aunin dare da kansa ba, balle wanda soson cikin akwatinsa ya zube, ƙofarsa ke buɗe don kada ya yi zafi, salansarsa ta huje. Abin da ke aiki shi ne baturan da za su riƙe wurin tsawon dare, da sola inda akwai sarari, janareta ya tashi da rana kawai ya cika su, da katangar bulo tsakaninsa da ɗaki mafi kusa, bututun hayaƙi kuma a ɗaga shi sama da rufi ya kalli nesa da tagogi. Tun shekarun dumso, wato yawan ɗauke wuta, kamfanoni sun koyi wannan don rage kuɗin mai, ba sabon abu za ku nema ba. Tankin dizal ya zauna cikin kwarmin siminti da zai iya riƙe duk abin da ke cikinsa da ƙarin kashi goma, domin gidaje da yawa a nan har yanzu rijiya suke sha, kuma dizal in ya shiga rijiya an rabu da ita. Baƙin man da ake juyewa bayan kowace awa 250 a tafi da shi cikin jarka. Wanda aka zuba a kwata rafi yake tafiya.

Filin jirgin sama na Prempeh na Ɗaya maƙwabcinmu ne, kuma tun da aka faɗaɗa shi zirga-zirga ƙaruwa za ta yi. A ƙa'idar jiragen sama ta duniya, hanyar saukar jirgi a babban fili tana tashi ne mita biyu cikin kowace ɗari, wato a nisan kilomita ɗaya daga bakin titin jirgi, a saitinsa, abin da ya wuce kamar mita ashirin ya shiga hanya. Kewaye da filin kuma, har kilomita huɗu, akwai rufin da ba a gani a tsawon mita 45 sama da filin. Tudu yana cinye wannan tsawo, bene ma haka. Jar fitilar da ke kan turke ba ado ba ce, tana buƙatar batirinta na kanta don kada ta mutu da ɗaukewar wuta. Duk mai unguwa zai iya ɗaga kai bayan sallar isha'i ya ga ko tana ci.

Ga iyayenmu sarakuna da limamai muna da magana ta daban. Yawancin gidajen zango na gado ne, magada goma ko ashirin, wasu suna Akara wasu suna Turai. Mutum ɗaya ya sa hannu a haya ta shekara goma ko fiye, ya karɓi kuɗin shekaru a dunƙule, sauran su ji labari ranar da motar ƙarafa ta tsaya. Daga nan zumunci ya lalace. Kada ku shaida irin wannan takarda sai an karanta ta da Hausa gaban magada, sai kun ga an rubuta wanda zai sauke turken ya cire harsashi idan haya ta ƙare, da yadda kuɗin zai riƙa ƙaruwa tunda sidi ba ta tsayawa wuri ɗaya, da takardar inshorar da za ta biya maƙwabci in wani abu ya faɗo. Tuntuɓar maƙwabta kuma a yi ta a fili da rana, masu haya su ma a kira su, domin su ne ke kwana a ɗakunan da ke jikin shingen. Zagayawa gida gida da takarda da ɗan goro a ambulan ba tuntuɓa ba ce.

Mun san za a ce majalisa ba ta da kuɗi ko ma'aikata. Kowane turke yana biyan majalisa kuɗi duk shekara. Na'urar auna ƙara, da na'urar auna juriyar ƙasa, da sifana mai ma'auni, da ɗamarar hawa guda biyu, ba su kai kuɗin taya huɗu na babbar motar ofis ba. A ware wani kaso na kuɗin turaku don wannan, a rubuta shi cikin ƙudurin haraji na shekara don kada ya narke cikin sauran hidima. Ba ma goyon bayan a tsawwala wa kamfanoni kuɗi ko a riƙe musu takarda wata da watanni. Mai momo, wato sana'ar tura kuɗi ta waya, a Asawase da ɗalibin da ke duba sakamakonsa a waya su ne ke biyan wannan jinkirin. Wanda ya kawo cikakkun takardu a sallame shi cikin wa'adi sananne, ƙarfin majalisa ya koma kan bin diddigi bayan gini. Kuma tunda an ƙaddamar da 5G a ƙasar nan cikin Nuwamba 2024, ƙananan eriyoyi za su zo kan falwayoyin fitila da bangon gidaje. A ba su nasu sashe a dokar tun yanzu, kada a auna akwati mai girman jakar makaranta da mudun hasumiya mai mita hamsin.

Aikin farko ba ya jiran sabuwar doka. Kowane ɗan majalisa ya zagaya mazaɓarsa tare da mai unguwa da ma'aikacin sashen ayyuka, a rubuta kowane turke, babba da ƙarami: inda yake, tsawonsa, mai shi, ko yana aiki, nisan ɗaki mafi kusa, ko fitilarsa na ci. A fara a Disamba, a gama kafin ƙarshen Fabrairu, domin waɗanda suka nuna alamar haɗari a sauke su ko a ɗaure su kafin iskar Maris. A cikinmu akwai masu takardar shaidar hawa da kayan awo, kuma a shirye muke mu raka ma'aikatanku wannan zagaye ba tare da an biya mu ba, in an sanar da mu ta hannun sarakunan zango.

Allah ya ja zamaninku, ya ba ku ikon sauke nauyin jama'a.

Wassalam.

Daga 'ya'yanku masu aikin turakun sadarwa, wuta da gini,
zangunan Kumasi.